Wayar da Ake Yi a Kan Tudu

Tungan Sabara, komin (ƙaramar hukuma) ta Dogon Kiriya

Zuwa ga Yaya Rukayya a Dogon Dutsi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da aikin koyarwa a lakwal. Inna na gaishe ki, Zuwaira ma na gaida gwaggonta.

Yaya, na ba Habu direba takardar nan ne don ba ni iya faɗin maganar a waya. Kin san garinmu babu reso, waya ba ta kamawa sai a kan tudun bayan gari, kuma kwanan nan duk wanda ya hau tudun ana kallonsa.

Maganar ƙanenki ce, maigidana Is'haƙa. Tun ranar da ƴan bindiga suka tare motarsu a hanyar dawowa daga kasuwa, suka kashe abokinsa Nazifi da direba da sauran, bai koma daidai ba. Ciwon hannunsa ya warke, amma ba ya barci, abinci ma sai na matsa masa. Ya bar zuwa kasuwar dabbobi. Kwanaki Zuwaira ta yar da kwanon sha a ƙasa, ƙarar kawai, sai ga shi kwance rub da ciki a tsakar gida ya rufe kai da hannuwa. Yarinyar ta yi zaton wasa yake, ta hau bayansa tana dariya. Na tsinci tramol a aljihun rigarsa, ba sau ɗaya ba. Da na tambaye shi ya ce na ciwon hannu ne.

Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Abin da ya sa na rubuto shi ne, duk ranar Talata bayan la'asar yana ɗaukar waya ya hau tudu shi kaɗai, ya ɓoye bayan duwatsu, ya daɗe yana magana da wani. Mata masu itace sun ji muryar namiji. Ya hana ni taɓa wayar. In na ce da wa kake magana, sai ya tashi ya fita.

Yanzu a bakin rijiya in na iso sai a yi shiru. Auwal, ƙanen marigayi Nazifi, ya ce a majalisa wai mutum shida a mota, yaya aka yi ɗaya kaɗai ya tsira. Kin san abin da ake yi wa wanda aka ce yana kai wa ɓarayi labari.

Yaya, ni ban yarda da su ba. Amma ban san da wa yake magana ba, kuma tsoro nake ji. In kin san wani abu, don Allah ki gaya mini.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarki, Balki.

*

Dogon Dutsi

Zuwa ga ƙanwata Balki,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin tasha, ban iya jira na kai gida ba. Ki gaida Inna, ki rungume mini Zuwaira.

Ki kwantar da hankalinki ta wannan gefen: na san da wa Is'haƙa yake magana, ni na haɗa su. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, har ke. Yau na karya alkawarin, don abin da kika rubuto ya fi ƙarfin alkawari.

Lokacin da ya zo nan a duba masa hannu, mun biyo ta kasuwa, tayar wata babbar mota ta fashe a kan kwalta. Ya faɗi, jikinsa na rawa, numfashinsa na ɗaukewa, yana cewa zai mutu. A asibiti suka auna shi kaf, suka ce zuciyarsa lafiya lau. Wata ma'aikaciya ce ta ja ni gefe ta ce abin da ya gani ne bai sake shi ba, ta ba ni lambar wani likita a Yamai, Dakta Abdulwahabu. Ɗan Tibiri ne, Hausarsa irin tamu. Ba ya allura, ba ya tiyata. Aikinsa shi ne sauraron mutanen da firgici ko damuwa ko shan ƙwaya ya kama, yana koya musu yadda za su fita. Da Faransanci sikolog ake ce musu. Waɗanda ke nesa yana ganinsu ta waya, suna kallon juna a wasap. Talata ce ranar Is'haƙa.

Balki, wannan ba hauka ba ne, kuma ba iska ba ce. Mijinki ya ga mutuwa ido da ido. Ni da kaina na ga ya fara samun sauƙi a muryarsa in mun yi waya, shi ya sa ban taɓa tunanin hawan tudun zai jawo masa wani abu ba. Zaman birni ya sa na manta yadda ake sa wa mutum ido a ƙauye yanzu.

Ki gaya masa na faɗa miki. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Ki ce na ce ya je wurin mai gari da liman ya yi musu bayani tun kafin maganar ta girma. Kada ya jira.

Ki rubuto mini da motar kasuwa mai zuwa.
Yayarki, Rukayya.

*

Tungan Sabara

Yaya Rukayya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Balki ta nuna mini takardarki. Na yi fushi, amma ya wuce. Ita ma ta yi kuka, ta ce da ta sani da ba ta kwana tana zargina a ranta ba. Wannan ya fi mini ciwo.

Zuwa wurin mai gari kam ba zan yi ba. Ki tsaya ki ji. Ni dillalin dabbobi ne, duk abin da nake da shi maganata ce. In na ce saniya lafiyarta ƙalau, a yarda. Ranar da aka ji ina ganin likitan ƙwaƙwalwa, wa zai ƙara danƙa mini akuya? Za a ce Is'haƙa ya taɓu. Za a ce Zuwaira ɗiyar mahaukaci ce, kuma sunan zai bi ta har girmanta. Ke kina Dogon Dutsi cikin ma'aikata, ku kun saba da irin waɗannan abubuwa. Nan ba haka ba ne.

Kuma in na fara bayani sai sun ce in faɗi abin da ya faru a hanya. Ban faɗa wa kowa ba sai Dakta, shi ma sai da muka yi zama da yawa kafin bakina ya buɗe. In na fara, warin wurin nake ji. Ya koya mini in tsaya in ja numfashi a hankali, in taɓa ƙasa, in faɗi sunan abin da idona ke gani a gabana. Yana taimako. Amma a kan tudu ne, ni kaɗai, ba a gaban Auwal ba.

Ƙwayar na rage ta. Dakta ya ce kada in yanke ta gaba ɗaya ni kaɗai, in je wurin majo, babban ma'aikacin jinya na likitar Dogon Kiriya, ya riƙa duba ni. Ban je ba. Matar majo ƙawar gwaggon Balki ce.

Na gaya wa Dakta abin da ake faɗi a gari. Ya ce tsorona na mutane ba ciwo ba ne, gaskiya ne, kuma in nemi mutum ɗaya da na yarda da shi cikin manya. Na ce zan duba.

Jiya na gamu da Auwal a ƙofar masallaci. Na miƙa masa hannu, ya dubi hannun, ya wuce. Yaron nan a bayana na goya shi yana ƙarami.

Maganar za ta mutu da kanta, in sha Allah. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanenki, Is'haƙa.

*

Tungan Sabara

Yaya Rukayya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin gaggawa na yi shi. Wani mai kabu-kabu na ba, ya ce zai kai miki har lakwal.

Ranar Talata ƙanenki ya hau tudu kamar kullum. Washegari ɓarayi suka afka wa rugar Fulani da ke arewa da mu, suka kore shanu, suka harbi mutum guda a cinya. Da hantsi ƴan banga suka zo gidanmu da bindigogin gargajiya, Auwal na cikinsu. Ba su yi sallama ba. Shugabansu Mansur ya ce, “Kawo wayar.” Ya ba su. Suka duba, suka ga lamba ɗaya da ake kira duk Talata, babu suna a kanta. Ashe tuni ƙanenki ya goge duk saƙonnin da ke tsakaninsu don kada in gani, yanzu gogewar ta zama hujja a kansa.

Mansur ya ce, “Lambar wa ce?”

Ya ce, “Ta wani ce a Yamai.”

“Wa?”

Yaya, ya ƙi faɗin sunan. Ina bayan zana ina ji, na so in fito in faɗa, ya juyo ya dube ni, na kasa. Wani daga waje ya ce a fito da shi a gama. Allah ya sa liman ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ba a taɓa kowa sai mai gari ya dawo daga Dogon Kiriya an zauna. Sun sa ranar Asabar da safe. Sun tafi da wayar, sun bar samari biyu suna gadin ƙofarmu.

Tun da suka tafi yana zaune a ɗaki ya jingina da bango, gumi na zuba. Ya nemi ƙwayar, na ce na zubar. Ƙarya na yi, na ɓoye ne, don na ga yawan da ya so ya sha.

Inna ta ce doguwa ce ta shige shi a hanyar nan, tana so a kira masu bori. Na gaya mata gaskiya duka. Ba ta gane aikin likitan ba, amma ta ce in dai ba ɓarayi ba ne, to ko da wa yake magana ya faɗa.

Babu wadda ta shigo mini yau. Maƙwabciyata ta janye ɗanta daga wasa da Zuwaira.

Ki zo, Yaya. Ke zai ji maganarki.
Balki.

*

Dogon Dutsi

Is'haƙa, ƙanena,

Salamu alaikum. Na je tasha, babu motar da za ta bi hanyarku kafin Lahadi, direbobi sun ji labarin rugar. Mai kabu-kabun nan ya ce zai ɗauki takarda amma ba zai ɗauki mace ba. Maigidana ya je wurin jandarma ya sanar da su, sun ce za su kira mai gari. Ban san ko za su iso kafin Asabar ba.

Na kira Dakta Abdulwahabu. Na roƙe shi ya kira mai gari ya faɗi komai. Ya ce ba zai faɗi sirrinka ba sai da izininka, amma ranar Asabar tun asuba wayarsa na hannunsa, ba zai ga kowa ba, yana jiranka. Na yi masa faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya ce kai ne za ka ci gaba da zama a garin, don haka gara su ji daga bakinka.

Kada ka gudu. Na san ya zo maka a rai. In ka gudu ka amsa laifin, kuma Balki da Inna ne za su zauna da shi.

Ka ce kana tsoron a kira Zuwaira ɗiyar mahaukaci. Ni ina tsoron sunan da za a kira ta in ka yi shiru, kuma ba ka nan balle ka kare ta. Tun rasuwar Baba kai kaɗai gare mu. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙonka ka buɗe baki.

Allah ya tsare mini kai.
Rukayya.

*

Tungan Sabara

Yaya Rukayya,

Assalamu alaikum. Yana raye, yana gida. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da faɗuwar gaba.

An zauna a ƙofar mai gari, gari duk ya fito, har da Fulanin rugar. Inna ta ce sai ta je, na riƙe ta muka tsaya a gefe. Mai gari ya tambaye shi lambar wa ce. Ya sunkuyar da kai. Sai Auwal ya ce, “A kira lambar a gabanmu, mu ji wanda zai ɗauka.”

Da yake babu reso a wurin, haka aka ɗunguma zuwa tudu, shi a tsakiya, ƴan banga gaba da baya. Ina kallon bayansa ina tunanin ko da ƙafarsa zai sauko.

Mansur ne ya danna kiran. Nan take mutumin ya ɗauka, fuskarsa ta fito, dattijo ne mai tabarau. Ya yi sallama, ya ce, “Ina Is'haƙa? Lafiyarsa ƙalau?”

Mansur ya ce, “Kai wane ne, kuma me ke tsakaninku?”

Ya ce, “Sunana Abdulwahabu, likita ne ni a Yamai. Abin da ke tsakaninmu kuwa nasa ne, sai ya ba ni izini.”

Wurin ya ɗauki guna-guni. Na ji wani ya ce kun ji ko, asiri gare su. Na ga an gyara riƙon bindiga. Inna ta matse mini hannu har ya yi shaida.

Sai ƙanenki ya durƙusa, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya ja numfashi, ya daɗe haka. Ya ce, “Dakta, bari ni zan faɗa.”

Ya ce tun ranar harin ba ya barci, yana shan ƙwaya, yana faɗuwa in ya ji ƙara, kuma wannan mutumin ne ke yi masa magani da magana. Ya ce kunya ta hana shi faɗi. Sannan ya juya wajen Auwal ya ba da labarin ranar. An sa su kwanta rub da ciki a gefen hanya. Da aka fara harbi Nazifi ya faɗo a kansa, jininsa ya rufe shi. Ɗaya daga cikin ɓarayin ya zo ya juya shi da ƙafa, suka haɗa ido, yaro ne ƙarami, sai kawai ya wuce. Ya ce, “Wallahi ban san dalilin da ya bar ni ba. Kullum sai na tambayi kaina.” Ya ce Nazifi bai cika nan take ba. Bayan sun tafi ya riƙe masa wuyan hannu, ya yi kalmar shahada sarai, sannan ya saki.

Ashe babu wanda ya taɓa gaya wa danginsa haka. Auwal ya zauna a kan dutse, ya kifa kai.

Ba kowa ya yarda ba. Mansur ya ce kowa na iya sa tabarau ya ce shi likita ne. Mai gari ya aika wurin majo, majo ya zo da kansa da yamma a kan babur, ya ce ya san Dakta, sun taɓa yi musu horo a Doso. Sannan aka mayar masa da wayar, aka janye masu gadi. Majo ya shigo gida, na ba shi ƙwayar da na ɓoye, ya ce shi zai riƙa rage masa.

Amma Yaya, hankalina bai kwanta ba. Da aka watse Auwal ya tafi bai zo wurin ƙanenki ba. Yau da safe na gan shi tsaye nesa da ƙofarmu yana kallo.

Ki gaida maigida, ki yi masa godiya.
Balki.

*

Tungan Sabara

Yaya,

Salamu alaikum. Na gode da atamfar Balki da maganin Inna, Habu ya kawo.

An fara abin da na ce. Yara sun bi ni da “mai likitan waya”. Wani da ya saba ba ni tumakinsa ya ba wani. Wasu kuma sun zo gaishe ni, har da tsohon da aka harbi ɗansa a ruga.

Auwal ya zo shekaranjiya. Ya yi sallama wannan karon. Bai zauna ba. Ya ce yana so in kai shi wurin, in nuna masa inda wansa ya kwanta. Mu biyu kawai, a kan babur ɗinsa.

Balki ta ce kada in je. Ta ce daji ne, babu kowa, kuma ba mu san abin da ke ransa ba. Ni ma na yi wannan tunanin. Ga hanyar kanta, ban sake bin ta ba tun ranar.

Na gaya wa Dakta. Ya ce shi da so samu ne mu jira, mu shirya wannan a hankali, kuma ba dole ba ne. In kuwa zan je, in tafi da rana, ranar kasuwa da hanya ke da mutane, in sanar da mai gari, kuma in na ji ba zan iya ba in ce a juya. Na sanar da mai gari a gaban Auwal.

Yaya, tsoro nake ji ƙwarai. Amma da ni ne na kwanta a wurin, ke ma da kin so a nuna miki. Ranar Alhamis za mu je. Ki yi mini addu'a, ki yafe mini fushin da na yi miki.

Is'haƙa.

*

Tungan Sabara

Yaya Rukayya,

Assalamu alaikum. Sun dawo, su biyu, kafin la'asar.

Ya ce sau biyu ya sa aka tsaya a hanya ya yi amai, Auwal na jiransa. Da suka isa ya nuna masa wurin, suka yi addu'a. Auwal ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, har ya kasa tayar da babur. Ƙanenki ne ya tuƙo su gida.

Yanzu yana barci, da rana tsaka, Auwal kuma na zaure bai tafi ba. Zan kai masa fura.

Inna na gaishe ki.
Ƙanwarki, Balki.